Marubutan Bayan Fage: Su Da Alƙalami, Waɗansu Da Suna

A ranar 7 ga watan Disamba na shekarar 1957, wani ɗan jarida na ƙasar Amurka mai suna Drew Pearson ya shiga wani shiri na gidan talabijin na ABC, ya faɗi maganar da ta ta da ƙura. Ya ce Sanata John Kennedy, wanda a cikin wannan shekara aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer saboda littafinsa mai suna Profiles in Courage, ba shi ya rubuta littafin ba, rubuta masa aka yi. Littafin kuwa tarihi ne na waɗansu sanatoci takwas na Amurka waɗanda suka tsaya a kan abin da suka ga shi ne daidai ko da jama'arsu ta juya musu baya, watau dai littafi ne a kan gaskiya da ƙarfin hali. Saboda haka zargin ba ƙarami ba ne ga matashin ɗan siyasa wanda ya riga ya ƙyalla ido a kan kujerar shugaban ƙasa.

Nan da nan gidan su Kennedy suka ɗauki lauya, suka ce sai kotu ta raba su da gidan talabijin ɗin. Mataimakin Sanatan, wani saurayi mai suna Theodore Sorensen, wanda shi ake nunawa da yatsa, ya yi rantsuwa a rubuce cewa ba shi ne mawallafin littafin ba. Gidan talabijin ya janye maganar, ya ba da haƙuri, bayan shekara uku kuma aka zaɓi Kennedy shugaban ƙasa. Sai da aka yi fiye da shekara 50, a cikin 2008, sa'an nan Sorensen, a cikin nasa tarihin rayuwar, ya bayyana cewa shi ya yi daftarin farko na yawancin babobin littafin, ya kuma taimaka wajen zaɓen kalmomin jimloli masu yawa. Amma duk da haka har ya mutu a 2010 bai yarda a kira shi mai littafin ba. A ganinsa shawarar yin littafin da alƙiblarsa duk na Kennedy ne, kuma da littafin ya lalace Kennedy ne zai sha suka.

Wannan sana'a ta rubuta wa wani ya sa sunansa, Turawan Ingila suna kiran mai yinta da suna mai ma'anar fatalwa mai rubutu, don kuwa ana ganin aikinsa ba a ganinsa. Faransawa a da suna kiransa da wata kalma ta raini da suke jifan baƙar fata da ita, har sai a cikin 2017 da Ma'aikatar Al'adu ta ƙasar ta ba da shawarar a maye gurbinta da wata mai ma'anar mai ba da aron alƙalami. A Hausance ana iya kiransa marubucin bayan fage. Aikinsa ya haɗa da jawabin shugaba, da tarihin rayuwar attajiri ko janar ko ɗan wasa, da sharhin da babban mutum yake sa wa hannu a jarida, har ya gangaro zuwa kundin da ɗalibi zai miƙa don a ba shi digiri. Duk suna ɗaya ake kiransu da shi, amma kamar yadda mai karatu zai gani, hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Tsohuwar Sana'a

Tun da aka fara mulki da takarda ake da masu rubuta wa masu mulki. A tarihin Masar da Sham an san Alƙali Fadil, wanda ya rasu a 1200, shi ne ke tsara wasiƙun Sarki Salahuddin Ayyubi, har ana ruwaitowa cewa Sarkin ya taɓa gaya wa jarumansa kada su zaci da takubbansu ya ci ƙasashe, da alƙalamin Fadil ya ci su. A fadojin ƙasar Hausa ma akwai magatakarda. Sarki ya faɗi abin da yake so a taƙaice, magatakarda ya zauna ya tsara shi da Larabci, da gaisuwa da addu'a da kalmomin girmamawa daidai da matsayin wanda za a aika wa, sa'an nan a buga hatimi. Wanda ya karɓi takardar ya san ba Sarki ya riƙe alƙalami ba, kuma bai taɓa ganin an yaudare shi ba, domin hatimin nan shi ne shaidar cewa maganar ta Sarki ce.

Talakawa su ma suna da nasu magatakardan. Kafin wayar salula ta zama ruwan dare, da wuya a je bakin gidan waya ko harabar kotu a manyan garuruwa ba a tarar da mai rubuta wasiƙa ba, zaune a inuwa da ɗan teburinsa da keken rubutu. Tsohuwa ta zo ta faɗi saƙonta zuwa ga ɗanta da ke ci-rani a Ikko, mai ƙara ya zo ya zayyana kokensa, shi kuwa ya mai da maganar baki ta zama ta takarda, a biya shi ladansa. Abin lura a nan shi ne, tun zamanin mulkin mallaka aka kafa doka a Nijeriya don kare waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba, wadda ta wajabta wa duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa nasa sunan da adireshinsa a jikinta. Sa sunan nan daidai yake da ya shaida cewa abin da aka umurce shi ne ya rubuta, kuma an karanta wa mai takardar an bayyana masa kafin ya dangwala yatsa. Watau a nan doka ba ta yarda marubucin ya ɓuya ba, don ta san mai alƙalami yana iya cutar wanda ba shi da shi.

Ma'aikacin gwamnati kuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani, domin rabin aikinsa ke nan. Ƙaramin jami'i ya yi daftari ya tura fayil sama, na gaba da shi ya soke nan ya ƙara can, Babban Sakatare ya duba, ranar taro Minista ko Kwamishina ya miƙe ya karanta, a yi masa tafi. Wani lokaci ma abin yakan juya: jami'in ne zai sa hannu a wasiƙa, amma ya buɗe ta da cewa an umurce shi ya sanar, don a san ba da bakinsa yake magana ba. A Ingila, jawabin da Sarki yake karantawa ranar buɗe majalisa gwamnati ce take rubuta shi, kuma babu wanda bai san haka ba. Ba a taɓa kiran wannan ha'inci ba, dalili kuwa shi ne idan manufar da ke cikin jawabin ta ɓaci, wanda ya karanta ko gwamnatin da ya karanta da sunanta su za a tuhuma, ba jami'in da ya kwana yana daftari ba.

Abin Da Ke Jawo Masu Yinta

Kuɗi ne na farko, kuma masu sana'ar ba su cika musun haka ba. Marubucin da ya wallafa littafi da sunansa sai ya jira kasuwa, in an saya ya samu, in ba a saya ba ya yi asarar shekara biyu ko uku. Marubucin bayan fage kuwa an riga an yi ciniki da shi tun kafin ya fara, ladansa na nan ko littafin ya tafi ko ya kwanta. Na sama-sama a cikinsu suna samun abin da marubutan ƙirƙira kaɗan ne suke mafarkinsa. Ba'amurken nan J. R. Moehringer, ɗan jarida wanda shi kansa ya ci lambar Pulitzer a 2000, shi ya rubuta tarihin rayuwar ɗan wasan tanis Andre Agassi a 2009, sa'an nan ya rubuta na Yarima Harry na Ingila, wanda ya fito a watan Janairu na 2023 aka sayar da fiye da kwafi miliyan 1.4 a ranar farko kaɗai. Agassi ya so ya sa sunan Moehringer a bangon littafi, shi ya ƙi.

Amma ba kuɗi kaɗai ba ne. Sana'ar tana shigar da mai yinta ɗakunan da ɗan jarida ba ya shiga. Richard Stengel, wanda ya yi aiki da Nelson Mandela a kan tarihin rayuwarsa da ya fito a 1994, ya yi watanni yana bin Mandela gida da ofis da ƙauye a daidai lokacin da ake ɗinke sabuwar Afirka ta Kudu, yana ɗaukar hirarsu a faifai. Tushen littafin kuwa Mandela ne ya rubuta shi da hannunsa a ɓoye a kurkukun tsibirin Robben, wani ɗan uwansa fursuna, Mac Maharaj, ya fita da kwafinsa a asirce da aka sake shi a 1976. Stengel ya ɗora a kai, ya cike giɓi, ya tsara, Mandela kuma ya gode masa da suna a cikin littafin. Alex Haley shi ma ya yi hira fiye da 50 da Malcolm X tsakanin 1963 da 1965. An kashe Malcolm a watan Fabrairu na 1965, littafin ya fito bayan watanni kaɗan da sunayensu su biyu a bango. Da babu Haley, da wuya a ce duniya ta sami wannan labari daga bakin mai shi.

A ƙasar nan ma akwai misali. Tarihin rayuwar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Allah ya ji ƙansa, wanda kamfanin ɗab'i na Jami'ar Kambirij ya buga a 1962 da suna My Life, masu binciken tarihin wancan zamani sun ambaci Sir Rex Niven, tsohon Razdan kuma tsohon shugaban Majalisar Dokokin Jihar Arewa, a matsayin wanda ya taimaka wajen tsara shi. Wannan bai rage wa littafin daraja ba a wurin masu nazari. Firimiya mai ɗauke da nauyin jiha guda ba shi da watannin da zai zauna yana gyaran jimla, kuma ra'ayoyin da ke ciki nasa ne, ya tsaya a kansu a bainar jama'a.

Aikin kansa yana bukatar gwaninta ta daban. Dole marubucin ya iya sauraro fiye da magana, ya kama salon bakin maigidansa har matar maigidan ta karanta ta ce lalle haka yake magana. Dole ya danne nasa salon, in wata kyakkyawar jimla ta zo masa wadda ba ta dace da bakin mai littafin ba, ya yar da ita. Dole kuma ya bi takardu ya tabbatar da ranaku da sunaye, don kuwa babban mutum yakan tuna abu yadda ya so ya faru. Moehringer ya ba da labari a mujallar New Yorker a 2023 yadda ya yi musu mai zafi da Yarima Harry da tsakar dare a kan jimla guda, Yariman yana so a sa ta, shi yana ganin za ta ɓata babin. Daga ƙarshe aka bar ta a waje. Wannan ya nuna mai sana'ar ba akawu ba ne da ke rubuta duk abin da aka faɗa masa, yana da hannu a cikin kamannin da mai littafin zai fito da su.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi Hausa kai tsaye, inda abin ya zo a juye, mai magana ya koma baya, mai rubutu ya shige gaba. Dorugu, yaron nan daga ƙasar Damagaram wanda ya bi Bajamushe Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, shi ya yi wa wani ɗan mishan, J. F. Schön, shiftar labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi. Da littafin Magana Hausa ya fito a 1885, sunan Schön ne a bango, na Dorugu yana daga ciki. Baba ta Karo ta fi shi sa'a: ta ba Mary Smith labarinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, da littafin ya fito a 1954 kuma sunanta ne sunan littafin.

Inda Gizo Ke Saƙa

To, idan rubuta wa wani ba laifi ba ne a kan kansa, ina laifin yake shigowa? Ya kamata a dubi alkawarin da sunan da ke ƙasan takarda yake yi wa mai karatu. Wani sunan cewa yake yi: na yarda da abin da ke nan, ni zan ɗauki alhakinsa. Wannan shi ne alkawarin hatimin Sarki da jawabin Minista, kuma hayar marubuci ba ta karya shi. Wani sunan kuwa cewa yake yi: ni na iya wannan, ko kuwa ni na bincika na gani da idona. Idan aka sa irin wannan suna a kan aikin wani, an yi ƙarya, ko da kowace kalma da ke cikin takardar gaskiya ce.

Da wannan ma'auni, littafin Kennedy ba shi da aibi sa'ad da yake kan kanta ana sayarwa, aibin ya shigo ne ranar da aka miƙa lambar yabo, domin lambar Pulitzer ta gwanintar rubutu ce. Amma abin da ya faru a Tarayyar Sobiyet ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. A 1978 aka buga littattafai uku na tarihin rayuwar shugaban ƙasar, Leonid Brezhnev, na farkonsu a kan wani fagen daga da ke kusa da garin Novorossiysk inda ya yi aiki a matsayin jami'in siyasa na soja a 1943. Ƙwararrun 'yan jarida ne suka rubuta su, cikinsu har da Anatoli Agranovski na jaridar Izvestia. Aka buga miliyoyin kwafi, aka sa su cikin manhajar makarantu, aka kambama ɗan ƙaramin fagen dagan nan kamar a nan aka ci yaƙin duniya na biyu, a 1979 kuma aka ba Brezhnev lambar Lenin ta adabi, wadda ita ce mafi girma a ƙasar. Jama'a ba su da bakin magana, sai suka koma ga barkwanci. Ɗaya daga cikin labaran da suka yi yawo a lokacin shi ne wai Brezhnev ya ji kowa yana yabon littafin, sai ya ce wa fadawansa ko shi ma ya kamata ya karanta ne. Ya mutu a 1982, ba a daɗe ba littattafan suka bi shi.

Wancan ya ɓata tarihi ne. Akwai wanda ya taɓa lafiyar mutane. A 2009 wata kotu a Amurka ta ba da umurni a buɗe takardun kamfanin magunguna na Wyeth, bayan mujallar likitanci ta PLoS Medicine da jaridar New York Times sun nemi haka. Takardun suka nuna cewa kamfanin ya biya wani kamfanin rubutu mai suna DesignWrite ya shirya maƙaloli 26 da aka buga a mujallun likitanci tsakanin 1998 da 2005, masu fifita amfanin maganin da ake ba mata bayan ɗaukewar haila, masu kuma sassauta haɗarinsa. Sai a nemi wani fitaccen likita ko farfesa ya duba ya sa sunansa, ba tare da an bayyana wanda ya rubuta da wanda ya biya ba. Alhali kuwa a 2002 an dakatar da wani babban gwaji na gwamnatin Amurka a kan irin wannan magani, saboda an ga yana ƙara haɗarin sankarar mama da ciwon zuciya da shanyewar jiki. Likitan da ke karanta maƙalar a asibitinsa yana zaton ra'ayin masani mai zaman kansa yake karantawa, ashe tallar kamfani ce aka naɗa wa rawani.

Ɗalibai ya kamata su tsaya a nan su yi tunani, domin irin wannan ciniki ne ake yi a kan kundin kammala digiri. Ba asiri ba ne cewa a kewayen manyan makarantu da dama akwai masu karɓar kuɗi su rubuta wa ɗalibi kundi tun daga gabatarwa har kammalawa, shi dai ya haddace abin da zai faɗa ranar kare shi. Ta hanyar intanet cinikin ya zama na duniya, har ƙasar Kenya ta yi suna wajen matasa masu digiri marasa aiki da ke rubuta wa ɗaliban Amurka da Ingila ayyukansu. Mai rubutun yakan ce shi hajarsa ya sayar, abin da mai saye ya yi da ita ba ruwansa. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Kundin digiri ba a rubuta shi don a amfana da abin da ke ciki kawai ba, an ɗora wa ɗalibi shi ne don a auna shi, kuma takardar shaidar da za a ba shi ita zai nuna a ɗauke shi aikin koyarwa ko gina gada ko duba marasa lafiya. Wanda aka cuta bai ma san an yi cinikin ba: abokin karatun da ya sha wahala da kansa, da kuma jama'ar da za ta faɗa hannun mai digirin aro. Shi ya sa ƙasar Ostareliya ta haramta wannan ciniki a 2020 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyu, Ingila kuma ta bi sahu a 2022.

Daga watan Nuwamba na 2022, da manhajar ChatGPT ta fito, sai aka sami marubucin bayan fage wanda ba ya gajiya, ba ya neman a gode masa. Waɗansu masu bincike har suka fara sa sunan manhajar cikin jerin mawallafa. Manyan mujallun kimiyya irin su Nature da Science suka hana a farkon 2023, hujjar Nature kuwa ita ce mawallafi shi ne wanda za a iya kamawa da alhakin abin da aka rubuta, na'ura kuwa ba a iya kama ta da komai.

Nauyin Da Ke Kan Mai Alƙalami

Yawancin muhawara a kan wannan sana'a tana tsayawa ne a kan mai sa suna. Amma shi mai rubutun fa? Masu sana'ar sukan kwatanta kansu da lauya ko tela: an kawo aiki, sun yi shi da kyau, ba su ne za su sa rigar ba. Labarin Tony Schwartz ya nuna iyakar wannan kwatance. Schwartz ɗan jarida ne a New York sa'ad da Donald Trump, a lokacin yana ɗan kasuwar gine-gine, ya nemi ya rubuta masa littafi. Aka yi ciniki mai tsoka: rabin kuɗin kafin alƙalami, wanda jimlarsa dala 500,000 ce, da rabin ribar da za ta biyo baya, da kuma sunansa a bango. Ya yi wata 18 a kan aikin. Da ya ga hira ba ta tafiya, sai ya koma zama a ofishin Trump, da izninsa, yana sauraron maganganunsa ta waya. Littafin, The Art of the Deal, ya fito a 1987, ya yi mako 48 a jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times, ya kuma kafa wa Trump suna a matsayin gwanin ciniki a duk faɗin Amurka.

A watan Yuli na 2016, sa'ad da Trump yake takarar shugaban ƙasa, Schwartz ya fito ya gaya wa mujallar New Yorker cewa yana nadama ƙwarai, domin a faɗarsa ya ƙawata mutumin fiye da yadda ya gan shi. Ya ce bukatar kuɗi ce ta sa ya karɓi aikin, matarsa tana da ciki, ga bashin gida. Lauyan Trump ya aika masa da takardar gargaɗi, Trump kansa ya ce shi ya rubuta littafinsa, kuma ya zargi Schwartz da rashin biyayya. Ko mutum yana goyon bayan Trump ko ba ya yi, tambaya biyu suna nan, kuma suna karo da juna. Wanda ya shiga gidan mutum bisa amana, ya ci kuɗinsa shekara da shekaru, yana da ikon fitowa daga baya ya tona abin da ya gani? In kuwa ya yi shiru alhali yana ganin hoton da ya zana ana amfani da shi wajen neman ƙuri'ar miliyoyin mutane, shirun nan amana ce ko kuwa haɗa baki ne? Abin da ya fi bayyana shi ne lokacin da Schwartz yake da cikakken zaɓi shi ne kafin ya sa hannu a yarjejeniya, ba bayan shekara 29 da fitowar littafin ba.

Ciwon Rashin Suna

Daga ƙarshe akwai abin da yake cin mai sana'ar a rai, wanda kuɗi ba ya warkarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji Bahaushe, sai dai a nan kura ma tana samun rabonta, sunan ne ba ta samu. Babu wanda ya ɗanɗani wannan kamar Bafaranshen nan Auguste Maquet, malamin tarihi wanda ya yi shekaru yana aiki da Alexandre Dumas. Maquet ne yake binciko tarihi, ya tsara ƙashin labari, ya yi daftari, Dumas kuma ya faɗaɗa, ya zuba hirarraki da barkwanci da ɗaukar hankali. Da haka suka fitar da labarin jarumawa uku masu bindiga a 1844, da labarin Monte Kiristo, da waɗansu da dama, duk da sunan Dumas shi kaɗai, domin masu jaridun da ke buga labaran kashi-kashi sun san sunan Dumas ne yake sayar da jarida.

Tun a 1845 wani marubuci, Eugène de Mirecourt, ya fitar da ƙasida yana kiran gidan Dumas masana'antar ƙera littattafai, ya haɗa da zagin launin fata, don kakar Dumas ta wajen uba baiwa ce baƙar fata daga tsibirin da ake kira Haiti yanzu. Dumas ya kai ƙara ya yi nasara, a lokacin kuwa Maquet yana bayansa. Amma da bashi ya ci Dumas, ya kasa biyan abokin aikinsa, sai Maquet ya kai shi kotu yana neman kuɗinsa da kuma a sa sunansa a littattafan. A 1858 kotu ta amince yana bin bashi, amma ta hana shi suna. Da yau ne da wataƙila hukuncin ya bambanta, don dokar Faransa ta yanzu ta ɗauki haƙƙin mawallafi na a ambaci sunansa a matsayin abin da ba a sayarwa, saɓanin Ingila inda dokar 1988 ta yarda mutum ya yafe wannan haƙƙi a rubuce, abin da marubutan bayan fage na can suke yi a cikin yarjejeniyarsu.

Masana adabi har yanzu suna musu a kan rabon kowannensu, ko da yake yawanci sun lura cewa littattafan da Maquet ya rubuta shi kaɗai ba su kai ko kusa da waɗanda suka yi tare ba. Dumas ya mutu a 1870 hannunsa babu komai, a 2002 kuma aka ɗauko ƙasusuwansa aka kai Pantheon, inda Faransa take ajiye manyan 'ya'yanta. Maquet ya mutu a 1888 yana mai arziki, da katafaren gidansa a wajen birnin Faris. An binne shi a maƙabartar Père Lachaise, kuma a jikin dutsen kabarinsa an sassaƙa sunayen littattafan nan da kotu ta hana shi sa sunansa a kansu.